Yadda Za a Tallafa wa Masunta da Masu Sana'ar Kifi a Sakkwato Idan Annoba Ta Ɓarke

Manomi yana iya zuba geronsa a rumbu ya jira kasuwa ta buɗe, makiyayi ma yana iya riƙe ragonsa har Babbar Salla, amma kifin da aka fitar daga Gulbin Rima da asuba ba ya jiran kowa. A watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ɗanyen kifin da ba a sa masa ƙanƙara ba, ba a kuma ɗora shi a wuta ba, yakan fara sauya wari kafin la'asar. Shi ya sa duk dokar da za ta tsayar da mota, ko ta rufe kasuwa, ko ta hana taro, takan fara cin masu sana'ar kifi tun kafin sauran jama'a su ji a jikinsu.

Mun ga haka a shekarar 2020. An tabbatar da shigowar cutar korona Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, aka ba da umarnin kulle Legas da Ogun da Abuja daga ranar 30 ga Maris, cutar ta ɓulla a Sakkwato cikin Afrilu dab da shigowar azumi, sannan aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli. Iyakar Illela kuwa tana rufe tun Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai Disamban 2020. A takarda an keɓe kayan abinci daga dokar hana tafiya, amma a kan hanya motocin abinci sun sha jinkiri a shingaye, kuma jinkirin da buhun masara zai jure, kwandon kifi ba zai jure ba. Kafin korona an yi sanƙarau a 2017, bayanta an yi kwalara a 2021, saboda haka ba hikima ba ce a zauna kamar annoba ta yi bankwana da mu.

An shirya wannan jagora domin shugabannin ƙungiyoyin masunta, sarakunan ruwa, jami'an ƙananan hukumomi, 'yan kasuwar kifi, da duk mai hali da ke son taimakawa. Abin da nake son a riƙe tun farko shi ne, babban tallafin da za a yi wa masunci shi ne a bar hanyar da ke tsakanin bakin ruwa da kasuwa a buɗe ba tare da an jefa lafiyarsa cikin haɗari ba, a kuma hana shi cinye jarinsa. Rabon shinkafa yana da amfani, amma yana zuwa ne a bayan waɗannan biyun.

Mataki na farko: a rubuta sunaye tun ana zaune lafiya

Idan aka ce masu sana'ar kifi, yawancin jami'ai mai jirgi da koma kawai suke gani, alhali a bayan kowane jirgi akwai bakuna da yawa da ke ci daga gare shi. Akwai yaran jirgi da ba su da albashi sai kaso daga abin da aka kama, da masu saƙar koma da masu ɗinke ta idan ta yage, da kafintan da ke gyaran jirgi. Akwai dillalai, da masu feɗewa da kankare ɓawo a Kasuwar Daji, da masu banda, da 'yan dako, da 'yan kabu-kabun da ke kwaso kifi daga Kwalkwalawa zuwa cikin gari. Sai kuma matan aure da ke suya a cikin gida suna aika yara da faranti, waɗanda babu rajistar da ta san da su, ga shi kuma jarinsu ne ya fi saurin karyewa.

A fara da Sarkin Ruwa na kowane yanki, domin shi ya san wanda ke shiga ruwa da gaske da wanda ya ari suna don ya ji ana rabo. A zauna da shi da mai unguwa da shugaban 'yan kasuwar kifi, a buɗe littafi ɗaya ga kowane bakin ruwa, ko a Goronyo ne, ko Wurno, ko Kware, ko Wamakko, ko Silame. A rubuta sunan mutum, aikin da yake yi a sana'ar, yawan waɗanda yake ciyarwa, kayan aikin da ya mallaka, bashin da ke kansa, da lambar wayarsa ko ta wanda ya amince da shi. Sunayen matan da ke cikin gida kuwa mata ne za su shiga su rubuto su, da sanin masu gidajen, kuma a rubuta sunan matar kanta, domin jarin nata ne. Kada a manta da waɗanda suka tafi cin rani Yawuri ko Kainji ko wasu ruwaye masu nisa. Iyalansu suna nan gida, kuma ranar da aka hana tafiya su ne ke fara rasa aike.

Bayan an gama littafin, a kai mutane rukuni-rukuni su yi lambar ɗan ƙasa ta NIN, su buɗe asusun banki su sami BVN, ita ma ƙungiyar a yi mata rajista a ofishin ƙungiyoyin gama kai na jiha. Dalili kuwa a bayyane yake. Lokacin korona, Babban Bankin Nijeriya ya ware naira biliyan 50 ta rance ga magidanta da ƙananan 'yan kasuwa ta hannun bankin NIRSAL, kuma ta intanet ake nema, da BVN. Shirin NG-CARES na farfaɗowa daga illar korona, wanda Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 dominsa a Disamban 2020, ta ofisoshin shirin Fadama ya bi da ɓangarensa na noma, inda ake hulɗa da ƙungiyoyi. Masuncin da ba shi da takarda ko ɗaya, komai tsananin buƙatarsa, yana ji yana gani irin wannan tallafi ke wuce shi. Aiki ne mai gajiyarwa, na sani, amma a lokacin kwanciyar hankali kaɗai yake yiwuwa.

Mataki na biyu: ƙaramin kwamiti da takardar wucewa

Kwamitin kada ya wuce mutum bakwai: wakilin Sarkin Ruwa, ɗan kasuwa, mace ɗaya ko biyu daga masu suya da banda, limami, ma'aikacin lafiya na asibitin mazaɓa, da matashi mai iya rubutu da sarrafa waya. Ranar da aka ji ƙishin-ƙishin za a taƙaita zirga-zirga, aikinsu na farko shi ne su je wurin uban ƙasa da shugaban ƙaramar hukuma su nemi takardar da ke shaida cewa masu ɗauke da ita kayan abinci mai saurin lalacewa suke kaiwa. Maganar ba ta buƙatar tsawo: "Ranka ya daɗe, ba mu zo neman a ɗage mana doka ba. Mun zo ne a ba mu takardar da direbanmu zai nuna a shinge, domin kifin da ya yi sa'a uku a rana ya zama asara."

A rubuta lambar motar, sunan direba, hanyar da zai bi da lokacin tashi, a buga hatimi, a kuma kai kwafi ofishin 'yan sanda na yankin da ma'aikatar jiha mai kula da harkar kifi tun kafin motar farko ta tashi. Maimakon 'yan kasuwa goma su cika mota ɗaya, kowa ya ɗaure kwandonsa ya sa alama, mutum biyu amintattu su raka kayan. A gabashin jihar, inda matsalar tsaro ta hana tafiyar dare, a tsara tashi da zarar gari ya waye.

Mataki na uku: tsare lafiya a bakin ruwa da kasuwa

Wanda ya san bakin ruwa da safe ya san inda haɗarin yake. Cikin ruwa kowa yana nesa da ɗan'uwansa, amma da jirgi ya taɓa gaɓa sai mutum ashirin su rufe shi, kai da kai, kowa na miƙa hannu cikin kwando yana ɗaga murya yana tayi, tsofaffin takardun kuɗi jiƙaƙƙu suna yawo daga hannu zuwa hannu. Wannan rabin sa'ar ce ake buƙatar gyarawa. A ja igiya tsakanin inda jirage ke tsayawa da inda masu saye suke, a jera kwanduna da tazarar taku biyu zuwa uku, dillali ɗaya ya tsaya a madadin kowane jirgi, masu saye su shigo biyar-biyar. Idan Sarkin Ruwa da kansa ya tsaya a wurin kwana biyu ko uku na farko, tsarin zai zauna.

Matakin kariya ya danganta da irin cutar, kuma nan ne ake yawan kuskure. Idan ta numfashi ce kamar korona, abin da ake buƙata shi ne takunkumin fuska, tazarar mita biyu, rage cunkoso a rumfuna, da wanke hannu da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20. Idan kwalara ce, takunkumi ba ya hana komai. Maganar ta koma kan ruwan sha, da bahaya, da abin da ake wanke kifi da shi. A hana bahaya a gaɓar ruwa, a haƙa masai nesa da gulbi, kowane jirgi ya fita da jarkar ruwan da aka tafasa ko aka sa wa maganin kulorin domin kada ƙishi ya sa a ɗebi na gulbi, a kuma daina wanke kifin sayarwa a ruwan da ke kwance a gefen gaɓa. A kowane hali, a ajiye bokiti mai famfo da sabulu a mashiga, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin cika shi. Sau da yawa ana sayen bokitin a ɗauki hoto, bayan kwana uku a tarar da shi a bushe, domin ba a ce ga wanda zai riƙa ɗebo ruwa ba, ba a kuma ware kuɗin sabulu ba.

Su na gayya, wato kamun kifi na taron jama'a, inda ɗaruruwan mutane ke faɗa wa tafki ɗaya da homa da gora, yana buƙatar shawara ta musamman. Bikin Argungu na 2020 an yi shi ne a tsakiyar Maris, kwanaki kaɗan kafin a fara kulle, amma ƙananan tafkunan ƙauyuka ana buɗe su har cikin bazara. Sarkin Ruwa yana da ikon raba ranakun, kowace unguwa da tata, don kada a hana talaka abincinsa kuma kada a tara jama'a wuri guda.

Mataki na huɗu: a ƙarfafa banda

A ganina, duk naira ɗaya da aka kashe a nan ta fi amfani a kan wadda aka kashe a ko'ina, domin banda ce kaɗai ke ba masunci ikon cewa ba zai sayar a wannan farashin ba. Ranar da masu saye suka ragu, mai ɗanyen kifi dole ya karɓi abin da aka taya, amma mai busasshe yana iya ɗaure kwalinsa ya jira. Ƙanƙara tana taimakawa idan akwai ta, kilo ɗaya ga kilo ɗaya na kifi, a jere shimfiɗa bisa shimfiɗa a cikin kula, sai dai a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, kwana ɗaya ko biyu kawai take saya wa mutum.

Banda iri biyu ce, kuma ya kamata masu tallafi su san bambancin. Akwai mai laushi, wadda ake yi cikin 'yan sa'o'i don a sayar yau ko gobe, ita ce ta fi nauyi da daɗin ci amma ba ta wuce kwana biyu ko uku. Akwai kuma busasshiya ƙayau, wadda ke iya yin watanni. Ita ake nufi a lokacin annoba. A fara da kifi mai kyau, domin hayaƙi ba ya gyara wanda ya riga ya fara ruɓa. A feɗe a cire kayan ciki, a wanke da ruwa mai tsabta, a tsoma cikin ruwan gishiri na kamar minti 20 zuwa 30, sannan a jera a inuwa ya tsane har fatar ta daina ɗiga. Manya irin giwan ruwa, bargi da ragon ruwa a yayyanka su gunduwa-gunduwa don wuta ta ratsa, tarwaɗa kuma a naɗe ta kamar yadda aka saba. Sa'o'i biyu zuwa uku na farko wuta mai ƙarfi ake so don naman ya dahu, daga nan a ja itace baya a bar garwashi da hayaƙi su ci gaba da aiki yini guda ko fiye, ana juyawa ana sauya wa na sama da na ƙasa wuri. Gwanar banda tana ganewa da hannu: ta ɗaga ta ji ya yi sakayau, ta ƙwanƙwasa ta ji ƙara, ta karya gefen wutsiya ta ga ya ɓalle ba tare da lanƙwasa ba. A bar shi ya huce sarai kafin a zuba a kwali, domin wanda aka rufe da ɗumi yakan yi gumi ya yi furfura. A ɗora kwalayen bisa katako nesa da ƙasa, a riƙa dubawa kowane mako, idan an ga alamar laushi ko ƙwaro a mayar da shi wuta.

Abin da za a saya wa masu banda ke nan: wayar gashi, ganguna, gishiri, kwalaye da makamashi. Itace yana da tsada a Sakkwato kuma dazuzzukanmu sun riga sun yi ƙaranci, saboda haka a haɗa da ɓuntun shinkafa daga injinan casa da dusar katako. Murhun Chorkor, wanda aka ƙirƙira a Gana a ƙarshen shekarun 1960, da laka ake gina shi, ana jera tirori da yawa a kan wuta ɗaya, ya fi ganga ɗaukar kifi kuma ya fi ta tsimin itace. Magini da kafinta na gari za su iya yin sa idan an nuna musu, kuma malaman sashen kifi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa za su iya ba da ma'auninsa. Guda ɗaya a kowane babban bakin ruwa, ana amfani da shi bi da bi, ya isa a fara.

Akwai abin da dole a faɗa da babbar murya. Idan kifi ya daɗe a ajiye, wasu sukan yayyafa masa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari don korar ƙwaro. Wannan guba ce ake ba mutane su ci, har da yaran mai yayyafawar. Kwamiti ya kafa doka a kai, ya kuma tsaya a kanta ko da wanda aka kama babba ne a kasuwa. Haka nan kada a hura wutar banda da leda ko roba.

Mataki na biyar: jari da bashi

Kulle na mako uku ba shi ke durƙusar da gida ba, abin da aka sayar a cikin makon ukun ne. Mai suya ta ciyar da yara da kuɗin saro, masunci ya jinginar da kallinsa, wato ragarsa ta kamun kifi, ko ya sayar da jirginsa a wulaƙance, ranar da aka buɗe gari kowa ya koma aiki su kuma ba su da abin komawa da shi. Don haka ne nake cewa abincin tallafi a fara kai shi tun makon farko, ga gidajen da littafi ya nuna ba su da wata hanyar samu, kuma ya zama abin da ake ci a gidan: gero, masara, shinkafa, wake da mai. A kai har ƙofa ko a raba rukuni-rukuni, kada a tara jama'a suna turereniya a filin makaranta, a yaɗa cutar da ake gudu.

Sai maganar bashi, wadda ba a cika son tayar da ita ba. Masunta da yawa uban gida ne ya saya musu koma ko mamari bisa sharaɗin shi za su riƙa sayar wa kifi har su biya. A lokacin annoba shi ma uban gidan yana cikin matsi, domin abokan cinikinsa na nesa sun riƙe masa kuɗi. Bai dace a mayar da shi azzalumi ba tun kafin a saurare shi. A zaunar da su gaban limami da Sarkin Ruwa, a rubuta adadin bashin a gaban shaidu, a amince cewa an dakatar da biya har kasuwa ta dawo, ba za a ƙwace kayan aikin kowa ba, kuma wanda uban gidansa ya kasa saye yana da damar sayarwa ga wani. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, aya ta 60 a Suratut Tauba kuma ta sa waɗanda bashi ya yi wa katutu cikin masu haƙƙin zakka. Da wannan hujja kwamiti zai iya kai jerin sunaye ga Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato da kuma attajiran yankin.

Mafi dorewa shi ne asusun ƙungiya da aka tara tun kafin buƙata ta taso. A ce mutum 40 ne, kowa yana zuba naira 500 a mako, a shekara an tara naira 1,040,000. A raba shi gida biyu: kaso ɗaya na rance marar ruwa don farfaɗo da jari, ɗaya na agajin wanda ya kwanta ciwo. Mutum uku su riƙa sa hannu kafin a fitar da ko sisi, a karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata. Adashin da mata suka saba yi kada a rushe shi, a dai shawarce su su rage zubi a lokacin matsi, su kuma ba wadda ta fi shiga hali kwasar farko.

Masu ba da tallafi daga waje su tambaya kafin su saya. Injin jirgi yana da kyau a hoto, amma mai ƙaramin jirgi a tafki zare yake nema, da ƙugiya, da dalma, da ƙusa da kwalta na toshe ɓaraka.

Mataki na shida: masu kiwon kifi

Matsalarsu daban ce. Tarwaɗa tana kai girman sayarwa cikin wata huɗu zuwa shida, abincinta kuma shi ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwo. Idan otal-otal da wuraren gashi suka rufe, kifin yana nan yana ci kullum, ga abincin yana ƙara tsada kamar yadda aka gani a 2020 bayan faɗuwar darajar naira da tashin farashin masara. Wanda kifinsa ya isa sayarwa ya rage ciyarwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin kifin a rana, ya ware manya daga ƙanana don kada su cinye juna, ya kula da sauya ruwa musamman a bazara. Ya riƙa kwashewa kaɗan-kaɗan yana bandawa, ko ya ba mata masu suya bashi su biya bayan sun sayar, ta haka an rufa wa gida biyu asiri. Kada ya zuba sababbin 'ya'yan kifi cike da kududdufi sai ya ga inda kasuwa ta dosa. Masu kiwo su haɗa kuɗi su sayi abinci a dunƙule, mota ɗaya ta kawo.

Mataki na bakwai: a kai kifi inda masu saye suke

Idan mutane ba sa zuwa kasuwa, a bi su unguwa. Matasan ƙungiya su tattara buƙatun gidaje ta waya ko WhatsApp da yamma, da safe ɗan kabu-kabu ya kai a cikin kula, a biya ta turawa ko ta mai POS. A nemi hukumomin da ke sayen abincin tallafi, da asibitoci da gidajen marayu, su sa busasshen kifin gida cikin abin da suke saye. Sai dai kada a dogara kacokan ga waya. A 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi da dama na jihar saboda tsaro, a farkon 2023 kuma ƙarancin takardun kuɗi ya nuna yadda turawa ke maƙalewa, don haka littafin bashi da amintaccen ɗan aike suna nan da amfaninsu.

Mataki na takwas: wanda ya kamu

Mutumin da ya san cewa idan ya ce ba shi da lafiya iyalinsa za su kwana da yunwa, zai ɓoye, ya ɗaure ya fito aiki. Wa'azi ba ya maganin wannan, abin da ke maganinsa shi ne a tabbatar masa tun farko cewa duk wanda ya zauna gida saboda ciwo za a kai masa abincin kwanakin daga asusu, abokan jirginsa kuma za su ajiye masa kasonsa. A sanar da ma'aikacin lafiya na mazaɓa da wuri, shi zai kai rahoto ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, akwai kuma layin kyauta na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, 6232. Idan gudawa da amai ne, a fara ba da ruwan gishiri da sukari nan take ana kan hanyar asibiti: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta ɓarke da kuma fita daga cikinsa yana cikin Buhari da Muslim, kuma limami ne ya fi dacewa ya tunatar da masu shirin tafiya cin rani.

Idan allurar rigakafi ta samu, kamar yadda ta korona ta iso ƙasar nan a Maris na 2021, a roƙi ma'aikatan lafiya su zo bakin ruwa da hantsi bayan an gama ciniki, domin masunci ba zai bar sammakonsa ya je ya bi layi ba. Shugabanni su fara miƙa hannu a gaban kowa. Jita-jita kuma a tare ta da wuri ta rediyo da masallatai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu shaidar ana ɗaukar korona ta abinci. Kwalara kuwa tana iya bin gurɓataccen ruwa da abincin da bai dahu ba, don haka saƙon da za a bayar shi ne a dafa kifi sosai a ci da zafinsa, ba a ƙaurace masa ba.

Mataki na tara: a kula da ruwan kansa

Duk lokacin da sana'o'in gari suka tsaya, mutane da yawa sukan koma gulbi, kuma yunwa tana sa a yi abin da ba a saba ba: a ja gidan sauro a kwashe 'ya'yan kifi, ko a zuba guba a tafki. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da abin fashewa da lantarki, al'adar Sarkawa, masunta na gado, ma ta daɗe da sanin rufe tafki har lokacinsa ya yi. Mai ba da tallafi kada ya raba koma mai ƙananan idanu, komai arharta. Sarkin Ruwa ya ci gaba da riƙe lokutan rufewa, musamman da damina lokacin da kifi ke hayayyafa a fadamu, kwamiti kuma ya karkatar da tallafin abinci zuwa waɗannan watanni don a iya bin dokar.

Da zarar an sassauta kulle, kwamiti ya koma kan littafin nan na farko, ya bi suna bayan suna ya ga wanda ya dawo aiki da wanda bai dawo ba, da dalilinsa. Waɗanda suka rasa kayan aiki su ne farkon masu karɓar rance daga asusu, kuma a tabbatar kayan sun isa hannunsu kafin Oktoba, lokacin da ruwa ke fara janyewa daga fadamu kamun kifi ya kankama. A sake tsara biyan basussukan da aka dakatar kaɗan-kaɗan gwargwadon ciniki, a gyara murhun banda idan damina ta taɓa shi, sannan a ci gaba da zubin mako-mako daga makon da kasuwa ta dawo.